Hanyoyin aika saƙo da karɓarsa tsakanin gida da 'yan uwa na nesa



Da wuya a samu gida a yankinmu da ba shi da mutum a waje. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, to amma ƙafar ba kullum take samun hanya ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, aka rufe hanyar Kamba, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu. An buɗe iyakar Najeriya a watan Maris 2024, ita kuwa gadar Malanville ta ci gaba da zama a rufe. A irin waɗannan lokuta, saƙo ne ke yin tafiyar da ƙafa ta kasa.

Wannan shafi na ajiya ne, a dinga dubawa idan buƙata ta taso. Mun jera hanyoyi shida da ake aika saƙo da karɓarsa, da abin da kowace ta fi dacewa da shi, da inda take ba da matsala. Abu guda za ku ga yana ta dawowa: saƙo bai isa ba sai wanda aka aika wa ya ce ya ji.

1. Ɗan aike da direba

Ita ce hanya mafi daɗewa, kuma har yau ba ta mutu ba. Dattawa na tuna zamanin da ake zuwa wurin malami ko ɗan lakwal ya rubuta wasiƙa da ajami ko da boko, da zamanin da ɗan ci-rani ke cika kaset da gaisuwa ya ba direba, a taru a tsakar gida a saurara.

Yau abin da ya rage wa wannan hanya shi ne kayan da ba sa bin waya: takardar haihuwa ta asali, magani, tufafi, tsaraba. Idan za ku ba direba saƙo, ku rubuta sunan mai karɓa da lambarsa a jikin ƙunshin, ku karɓi lambar direban, ku kira mai karɓa tun motar ba ta tashi ba. Takarda mai muhimmanci kuwa, a ɗauki hotonta kafin ta bar hannu.

2. Sanarwar rediyo

Rediyon karkara na farko irin namu a Nijar ya fara aiki a Bankilare a 1999, daga nan suka yaɗu cikin ƙasa. Amfanin sanarwar rediyo shi ne tana shiga inda babu rezo, tana isa ga tsohuwar da ba ta da salula da manomin da ke gona. Ta dace da rasuwa, ɗaurin aure, suna, cigiyar dabba ko yaro, da kiran taro.

Mai kawo sanarwa ya zo da abu biyar a shirye: wane ne ke sanarwa, me ya faru, a wane gari da unguwa, wace rana da wane lokaci, sannan su wa ake son su ji. A faɗi suna da sunan uba da laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, don masu suna ɗaya suna da yawa. A faɗi ranar da sunanta, kamar Asabar ko Lahadi, kada a ce "gobe", saboda ana iya maimaita sanarwar washegari. Ɗan uwa na waje da ke son a yi masa sanarwa, ya fi kyau ya wakilta wani na gida da aka sani ya kawo ta, musamman idan ta rasuwa ce.

3. Kiran waya

Kamfanonin salula huɗu ne ke aiki a Nijar: Airtel, wanda aka fara sani da Celtel sannan Zain, Moov Africa, Zamani, wanda a da shi ne Orange, sai Niger Telecom na gwamnati, da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom.

Yawancin kiran da ba ya shiga, lambar ce aka rubuta ba daidai ba. Ga yadda ake jera ta:

Nijar: +227, sai lambobi 8.
Najeriya: +234, a cire sifirin farko, sai sauran lambobi 10.
Benin: +229, sai lambobi 10. Tun ranar 30 ga Nuwamba 2024 aka ƙara 01 a gaban kowace tsohuwar lamba mai 8, kuma ba a cire wannan sifirin.
Kodebuwa: +225, sai lambobi 10. Su sun yi nasu canjin a ƙarshen Janairu 2021. Nan ma ba a cire sifiri.
Gana: +233, a cire sifirin farko.
Togo: +228. Burkina Faso: +226. Mali: +223. Libiya: +218. Aljeriya: +213. Saudiyya: +966. Faransa: +33.

Wanda ya daɗe bai samu ɗan uwansa na Malanville ko Parakou ko Kwatano ba, ya fara duba ko ya ƙara 01 ɗin nan kafin ya shiga zargi. Haka kuma a Najeriya, tun Disamba 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma ana toshe layin da ba a haɗa ba. Layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Saboda haka idan kun kira tsohuwar lamba kuka ji baƙuwar murya, kada ku fara zuba maganar gida.

Sai batun lokaci. Agogonmu ɗaya ne da na Najeriya, Benin da Aljeriya. Gana, Togo, Kodebuwa, Burkina da Mali suna bayanmu da awa ɗaya. Libiya na gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Faransa tana daidai da mu lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gaba da awa ɗaya.

Akwai kuma matsalar da mu 'yan bakin iyaka muka fi kowa sani. Wani lokaci salula kan kama rezon Najeriya ko na Benin da kanta, alhali mutum yana zaune ƙofar gidansa. In haka ta faru, ana iya cajinsa kuɗin wanda ya fita waje. Ku dinga duba sunan kamfanin da ya fito a saman waya kafin ku kira. Maganin abin shi ne a shiga saitin waya, a kashe zaɓen rezo na kai tsaye, a zaɓi kamfanin da hannu.

4. Gajeren saƙon rubutu na SMS

Mutane sun fara raina shi, alhali yana da abin da sauran ba su da shi: ba ya buƙatar intanet, yana shiga kowace irin waya har 'yar ƙarama mai madannai, kuma idan wayar tana kashe yakan jira na ɗan lokaci har a kunna.

Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Amma da zarar an saka harafi mai lanƙwasa irin su ƙ, ɗ ko ɓ, adadin kan sauko zuwa 70, sai a caje ku kuɗin saƙo biyu ko uku ba ku sani ba. A nan kaɗai muke ba da shawarar a rubuta k, d da b zalla.

SMS ya fi dacewa da abin da kunne ke iya kuskurewa: lambar waya, adadin kuɗi, lambar karɓar kuɗi, sunan magani, adireshin gida. Idan an turo kuɗi ta NITA, Amana ko Al Izza, a rubuta adadin da lambobi da kuma kalmomi, a ce sefa ne ko naira. "Na aiko ashirin" ta sha haɗa 'yan uwa faɗa, don wani jaka ashirin yake nufi, wani naira dubu ashirin.

5. WhatsApp

An ƙirƙiro shi a 2009, kamfanin Facebook ya saye shi a 2014. Abin da ya sa ya karɓu a karkara shi ne saƙon murya, wanda muke ce wa bokal, domin ba sai mutum ya iya karatu ba. Gurup ɗaya yana ɗaukar mutum har 1024, shi ya sa kusan kowane gari da kowane dangi ke da nasa.

Yadda ake gane inda saƙo ya tsaya. Ku dubi 'yar alamar da ke ƙarƙashinsa. Idan agogo ne, saƙon bai bar wayarku ba. Maki ɗaya ruwan toka, ya tafi amma bai shiga wayar mutumin ba. Maki biyu ruwan toka, ya shiga wayar. Maki biyu shuɗaye, an buɗe. Sai dai akwai masu kashe shuɗin a wayarsu, akwai kuma wayar da yara ke riƙewa su buɗe saƙo mai ita bai sani ba. Saƙon da ya kwana 30 bai shiga ba, kamfanin yana goge shi. Wannan ya shafi waɗanda ke shiga daji ko wurin haƙar zinariya su daɗe babu rezo.

Yadda ake karatu ba tare da mega ta ƙare ba. A shiga saiti a kashe sauke hotuna da bidiyo na kai tsaye, sai wanda kuka taɓa da kanku zai sauka. Gurup mai yawan surutu ana iya kashe ƙararsa ba sai an fita ba, a ware lokaci guda, misali bayan isha'i, a bi saƙonnin a jere. Bokal mai tsawo ana iya ƙara masa sauri. Saƙo mai muhimmanci a danna shi a riƙe, a saka masa tauraro, don a same shi daga baya.

Yadda ake magana a cikin jama'a. Ku fara da sunanku da garinku, don ba kowa ke da lambarku ba. Bokal ɗaya, magana ɗaya. A gaisa a taƙaice a shiga batu, kada a kai minti huɗu ana gaisuwa sannan a ambaci rasuwa a ƙarshe, wani ba zai kai ƙarshen ba. Idan amsa za ku ba wani, ku ja saƙonsa zuwa dama, amsarku za ta fito manne da nasa, kowa ya san da wa kuke. Maganar mutum biyu, kamar bashi ko rikicin aure, a bi mutum ta lambarsa. Shugabannin gurup kuma suna da damar rufe shi ya zama su kaɗai ke magana, abin da ke da amfani ranar da ake tattara gudummawa ko ana jiran sanarwa.

In an yi kuskure. Ana iya gyara rubutu cikin minti 15 da aika shi. Ana iya goge saƙo daga wayar kowa cikin kwana biyu. Amma wanda ya riga ya saurara, ko ya tura gaba, ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, ba a iya gogewa daga wurinsa. Magana zarar bunu ce.

Saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu a samansa, alama ce ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ku, ba wanda ya turo muku ne ya yi shi ba. Kamfanin da kansa ya taƙaita tura irin wannan zuwa wuri ɗaya a lokaci guda, saboda yawan jita-jita. Kafin ku tura labarin hari, ko buɗe iyaka, ko rasuwar wani babba, ku tambayi kanku: wa ya faɗa, yaushe, a ina?

6. Imel

Wannan ita ce wasiƙar intanet. Ta girmi salula: a 1971 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya fara amfani da alamar @, wadda masu Faransanci ke ce wa arobaz, don raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. A ƙauye ba a cika amfani da ita ba, amma ita ofisoshi suka sani. Neman gurbin karatu, neman aiki a ƙungiyoyi, biza, tikitin jirgi, duk za a ce a kawo adireshin imel.

Da yawa suna da shi ba su sani ba. Duk wayar Android da ake sauke manhaja a cikinta ta Play Store, an riga an buɗe mata akwatin Gmail, sau da yawa mai sayar da wayar ko mai gyara ne ya buɗe. Ku nemi sanin adireshin da kalmar sirrinsa, ku canza kalmar, ku rubuta a takarda ku adana tare da takardun gida. Gmail yana ba da wurin ajiya na giga 15 kyauta, kuma kamfanin Google ya sanar cewa yana iya rufe akwatin da ya shekara biyu ba a buɗe ba.

Hanyoyin karantawa biyu ne. Ko ta manhajar da ke cikin waya, ko ta shiga daga kowace kwamfuta da adireshi da kalmar sirri. Wanda ya yi amfani da kwamfutar shago ko wayar aro, ya tabbata ya fita daga akwatinsa kafin ya tashi. Idan ana jiran amsa ba ta zo ba, a leƙa akwatin tarkace, inda aka rubuta Spam, don wasiƙar kirki kan faɗa can.

Wajen aikawa, gurabe ne za ku cike. Na farko adireshin mai karɓa: babu tazara a ciki, babu harafi mai lanƙwasa, kuma harafi ɗaya in ya kuskure wasiƙar ta ɓata. Sai gurbin Cc, na waɗanda ake son su ga kwafi, kowa yana ganin kowa. Sai Cci, na kwafin ɓoye, wanda ya dace idan mutane da yawa ne da ba su san juna ba. Sai kan magana, inda wayoyi masu Faransanci ke rubuta Objet. Kada a bar shi fanko, a rubuta abin da wasiƙar ta ƙunsa da sunan mai ita. Takardu kuma ana maƙala su ta alamar maƙalin takarda, kuma a Gmail nauyinsu kada ya wuce mega 25.

Wajen ba da amsa a kula sosai. Maɓalli ɗaya yana mayar da amsa ga wanda ya rubuto kaɗai, ɗayan yana aika ta ga duk waɗanda ke cikin wasiƙar. Ku duba sunayen da suka fito a sama kafin ku danna.

Wane saƙo, wace hanya?

Rasuwa: a fara kiran makusanta baki da baki, iyaye, 'ya'ya, mata ko miji. Sai an tabbata sun ji sannan a kai rediyo da gurup. Bai kamata ɗa yana Legas ya tsinci rasuwar mahaifiyarsa a tsakiyar bokal ɗin jama'a ba. Hoton gawa ko na majinyaci kuwa, a bar shi.

Rashin lafiya: kira, sannan a ɗauki hoton takardar likita a tura, don sunan magani ba abin faɗa da ka ba ne.

Kuɗi: kira kafin a tura, rubutu bayan an tura, kira bayan an karɓa.

Biki da taro: rediyo don na gida, gurup don na waje, da rana da wuri a rubuce.

Takardun hukuma da na makaranta: imel. In ta WhatsApp za a tura, a aika a matsayin takarda ba hoto ba, don hoto yakan dushe har a kasa karanta hatimi.

Maganar gado, gona ko aure: waya ta share fage kawai. A yanke magana gaban shaidu, na nesa ya wakilta wanda ya yarda da shi.

Hattara da 'yan damfara

Dabarunsu kaɗan ne, suna dai canza musu riga. Wani zai kira ya ce ya turo muku lambobi shida bisa kuskure, ku karanta masa. Waɗannan lambobi mabuɗin WhatsApp ɗinku ne. Da kun faɗa, ya ƙwace shi, ya shiga roƙon 'yan uwanku kuɗi da sunanku da hotonku. Ba a ba kowa su, ko da ya ce daga kamfani yake. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin saka lambar sirri ta biyu, ku sa wani yaro mai amana ya nuna muku, ku saka da hannunku.

Wani kuma zai rubuto da baƙuwar lamba ya ce shi ne wane, an kama shi a hanya ko yana asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Ku kira tsohuwar lambar da kuka sani. In ba ta shiga, ku kira wanda suke zaune tare, ko ku yi masa tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa. Gaggawar da ba ta barin a yi tambaya, ita ce alamar farko. Haka saƙon da ke cewa kun ci kyauta ko an buɗe tallafi, ku danna nan ku saka lambarku.

Abin da doka ta ce

Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019. A watan Yuni 2024 aka yi mata gyara aka dawo da hukuncin ɗauri: shekara 1 zuwa 3 ga ɓata suna ko zagi ta hanyar na'ura, shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam, ban da tara ta miliyoyin sefa. Najeriya na da tata dokar tun 2015, Benin tun 2018. Bokal ɗin da aka yi cikin fushi a gurup ɗin dangi yana iya fita ya zama hujja gaban alƙali. Masu tura abin da wani ya yi su ma su yi hattara, don kalmar yaɗawa na cikin dokar.

Kafin mu rufe

Kowane gida ya samu takarda guda, a rubuta lambobin 'yan uwa na waje cikakku da lambar ƙasarsu, da lambar wani maƙwabcinsu ko abokin aikinsu, a ajiye inda ba za ta jiƙe ba. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata a kasuwa, caji yana ƙarewa. Ku kuma na waje, in kun canza layi ku sanar da gida a ranar, da muryarku.

In saƙo ya iso gare ku, ko da kalma biyu ce ku mayar: "na ji". In kun aika ba a ce an ji ba, ku sake bi ta wata hanyar. Allah ya bar zumunci, ya tsare na gida da na daji, ya dawo da matafiya lafiya.